Situdiyon waƙar biki a Mabera: kotso na gaske, amma sai da haƙuri

Wanda zai aurar da 'ya, yana son waƙar amarya da ba ta yi kama da ta kowa ba, ya leƙa wani ɗan situdiyo da ke unguwar Mabera a Sakkwato. Mai wurin ɗan Sakkwato ne da ya daɗe a Zoo Road ta Kano yana rera waƙoƙin fim. Da kasuwar faifan CD ta mutu, harka ta koma YouTube, sai ya tattaro kayansa ya dawo gida. Can na kai aikin waƙar auren ƙanwata.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bai dogara da fiyano kaɗai ba. Yana da makaɗin kotso, wani dattijo, da 'yan amshi uku masu rai, ba murya ɗaya da kwamfuta ta ninka ba. Kotso kuwa kiɗan fada ne, shi su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka riƙe, da hannu ake buga shi ba da makaɗi ba. Na ga dattijon yana matsa tsarkiyar da damtse yana sassautawa, muryar gangar na hawa tana sauka. Daga baya ne mai wurin ya shimfiɗa kiɗan zamani a ƙasa, kaɗan, yadda mai DJ zai sa a wurin kamu 'yan mata su taka.

Kafin ya rubuta ko baiti ɗaya, sai da ya zaunar da ni yana tambaya. Su wa suka haifi amarya, sana'ar kakanni, kirarin gidan. Da na ce mu majema ne tun asali, ya gyara zama ya ce, "Hajiya, ai wanga shi na waƙar." Jima da jar fatar Sakkwato suka shiga amshi. Gwaggonmu, wadda ba ta ko kallon waƙoƙin yaran yanzu, ita ta fara liƙi.

Sai dai akwai gyara. Alkawarinsa ba ya cika a kan lokaci. Ana jibi kamu waƙar ta iso ta WhatsApp, bayan na gaji da kira. Ɗakin ƙarami ne, idan wuta ta ɗauke ga zafin garin nan ga ƙarar janareta, dole a dakata da ɗauka. Kuma har yanzu hannunsa na fim bai sake shi ba: ya tace muryarsa a baitin ƙarshe har ta koma ta ƙarfe, sai da na sa ya cire.

Kuɗinsa ya fi na masu fiyano, don makaɗi da 'yan amshi ma sai an sallame su. Ban ga ƙwara a nan ba. Ku dai kai aiki da wata guda a hannu, kada ku biya duka sai kun ji da kunnenku.