Abin da na gani a hidimar masu ba da shawarar haraji kafin buɗe reshe a ƙetare

Kamfanin da nake riƙe wa lissafi ya yanke shawarar buɗe reshe a wata ƙasa bayan ya shekara biyu yana aika kaya can ta hannun wakili, kuma tun da babu wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a cikinmu, sai muka ɗauki hayar wani kamfanin ba da shawara kan harajin ƙasa da ƙasa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan kushe, kuma ina ganin abin da zai amfani mai karatu shi ne ya san irin aikin da ya kamata ya nema da irin tambayoyin da ya kamata ya yi. Hidimar ta ƙunshi zama uku da ƙwararrunsu, da rubutaccen rahoto, da kuma amsa tambayoyi ta imel na tsawon wata uku bayan miƙa rahoton.

Zaman farko shi ne ya fi komai daraja a wurina. Mun je da niyyar jin kashi nawa ne harajin kamfanoni a ƙasar da muka nufa, amma jami'ar da ta jagoranci zaman ta ajiye wannan tambaya gefe, ta fara bincikar abin da wakilinmu yake yi a can tun kafin maganar reshe ta taso. Ta tambaya ko shi ne yake daidaita farashi da masu saye, ko yana sa hannu a kwangila da sunanmu, ko muna da ɗakin ajiya da ake fitar da kaya daga cikinsa. Dalilinta shi ne, a dokar haraji ta duniya, ba takardar rajista ce take sa a ce kamfani ya kafu a wata ƙasa ba. Sashe na 5 na samfurin yarjejeniyar haraji na ƙungiyar OECD, mai haɗa kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, wanda yawancin yarjejeniyoyin kauce wa biyan haraji sau biyu suka kwaikwaya, yana magana ne a kan matsugunin kasuwanci na dindindin, wato ofis ko masana'anta ko duk wani tsayayyen wuri da ake gudanar da harka, har ma da wakilin da ya saba ƙulla kwangila a madadin kamfani. Gyaran da aka yi wa samfurin a 2017 ya ƙara faɗaɗa wannan, ta yadda wakilin da yake taka muhimmiyar rawa wajen kai ciniki ga ƙulluwa zai iya jawo wa kamfani haraji ko da ba shi ne yake sa hannu ba. Ashe tuni muna tsaye a bakin wannan iyaka ba mu sani ba, kuma da hukumar haraji ta can ta riga mu ganowa, da bashin shekarun baya da tara za mu fara biya kafin mu buɗe ƙofa.

Jami'ar ta kuma nuna mana cewa samfurin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ƙasashe masu tasowa suka fi jingina da shi, ya fi tsauri a wannan fanni. Aikin gini, alal misali, sai ya wuce wata 12 yake zama matsuguni a samfurin OECD, amma a na Majalisar Ɗinkin Duniya wata 6 ya isa, kuma ko aikin ba da shawara ne kawai ma'aikata suke yi, idan ya zarce kwana 183 a cikin wata 12 ya shiga lissafi. Saboda haka ba a dogara da samfuri, sai an buɗe ainihin yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu an karanta, idan akwai ta ke nan, sannan a duba ko babbar yarjejeniyar nan ta ƙasashe da dama da aka sa wa hannu a Paris a watan Yuni na 2017 ta sauya wani sashe a cikinta. Wannan aiki sun yi shi da kyau, sun jera sassan da abin ya shafa, sun bayyana kowanne da harshen da ɗan kasuwa zai gane.

Babban ɓangaren rahoton ya tsaya ne a kan zaɓi tsakanin reshe da sabon kamfani mai rajistar kansa wanda uwar kamfani za ta mallaka, kuma a nan ma ban ga abin kushewa ba. Reshe ba shi da rai na kansa a idon doka, gaɓa ce ta uwar kamfani, don haka duk bashin da ya ci da duk ƙarar da aka shigar a kansa uwar ce za ta ɗauka da dukiyarta gaba ɗaya. Amfaninsa kuwa shi ne, a ƙasashen da suke karɓar haraji kan ribar kamfani ta duk duniya, asarar da reshe ya yi a shekarun farko tana iya rage harajin gida, abin da ba ya samuwa kai tsaye idan kamfani ne daban. Sun kuma rushe wani zato da nake da shi, cewa reshe yana aika ribarsa gida kyauta tun da ba rabon ribar hannun jari ba ne. A Birtaniya haka abin yake, ana biyan harajin kamfanoni, wanda babban mizaninsa ya koma kashi 25 cikin ɗari tun watan Afrilu na 2023, ba tare da ƙarin haraji kan kuɗin da reshe ya aika gida ba. Amurka kuwa tun 1986 take da harajin ribar reshe na kashi 30 a kan ribar da ba a sake zubawa a harkar can ba, bayan harajin tarayya na kashi 21, Kanada ma tana da irinsa na kashi 25. Ma'ana, idan reshe ya ci ribar 100 a Amurka kuma babu yarjejeniya, za a cire 21, sannan a cire kashi 30 na ragowar 79, jimilla kusan 45 ke nan, ban da abin da jihohi suke karɓa. Yarjejeniya takan sauko da wannan ƙarin zuwa kashi 5 ko ta kawar da shi, amma wanda ƙasarsa ba ta da ita babu wannan sauƙin a gare shi.

Bayaninsu kan yadda ake kauce wa biya sau biyu gajere ne amma ya wadatar. Ko dai ƙasar gida ta yafe harajin ribar reshen baki ɗaya, ko ta lissafa nata sannan ta rage abin da aka riga aka biya a waje. A hanya ta biyu, idan gida na karɓar 30 waje na karɓar 20, za a cika 10 a gida, wato arahar harajin waje ba ta tsinana wa kamfani komai ba. Idan kuma waje ne yake karɓar 35, rarar 5 ɗin yawanci ba a dawo da ita. Wannan lissafi kaɗai ya sa shugabanninmu suka daina kallon ƙasashe masu ƙaramin mizani, irin kashi 9 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko 12.5 na Ireland, a matsayin riba tabbatacciya. Shafukan da suka ɓata a kan harajin mafi ƙaranci na duniya na kashi 15, wanda ƙasashe fiye da 130 suka amince da shi a watan Oktoba na 2021, ba su da amfani a gare mu, domin ya shafi rukunin kamfanonin da kuɗin shigarsu ya kai Yuro miliyan 750 ne a shekara, kuma alamu sun nuna daga wani rahoton aka kwafo su.

Daga nan ne hidimar ta fara rauni. Game da rabon riba tsakanin reshe da hedikwata, sun faɗi ƙa'idar daidai, cewa dole a yi lissafi kamar ɓangarorin biyu baƙin juna ne, ciniki ba sani ba sabo, kuma sun gargaɗe mu cewa a yarjejeniyoyin da suka bi samfurin Majalisar Ɗinkin Duniya reshe ba ya cire kuɗin ruwa ko ladan amfani da suna da ya biya hedikwatarsa daga ribar da za a yi wa haraji, sai dai ainihin kuɗin da aka kashe dominsa, in ban da bankuna a batun kuɗin ruwa. Amma ba su ba mu ko da misali ɗaya na yadda za mu raba albashin manajoji ko kuɗin manhajar lissafi tsakanin wuraren biyu ba, alhali nan ne masu binciken haraji suke fara tono. Da na nemi hakan, sai aka ce aiki ne daban mai nasa caji, abin da takardar yarjejeniyarmu da su ba ta fayyace ba tun farko.

Abin da ya fi damuna shi ne batun ma'aikata. Rahoton ya ce wanda muka tura can na ƙasa da kwana 183 ba zai biya harajin albashi a can ba, kuma mun kusa gina jadawalin tafiye-tafiye a kan haka. Ni ne na koma sashe na 15 na yarjejeniyar na ga cewa sharuɗɗan uku ne, kuma sai sun cika gaba ɗaya: kwanakin ba su wuce 183 ba, mai biyan albashin ba mazaunin waccan ƙasa ba ne, sannan albashin ba ya hawa kan matsugunin da kamfani yake da shi a can. Da zarar reshe ne yake ɗaukar nauyin albashin, kariyar ta faɗi tun ranar farko. Sun amsa kuskuren cikin ladabi, sun gyara shafin a cikin kwana biyu, amma kuskure ne da bai kamata ya fito daga hannun ƙwararru ba, ganin cewa maganar reshe ce ta kai mu wurinsu. Kuɗin da ake zubawa a asusun fansho da inshorar ma'aikata, waɗanda yawanci yarjejeniyar harajin kuɗin shiga ba ta taɓa su, layi biyu kacal suka samu. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan cinikin kaya da hidima, shi ma haka, duk da cewa shi ne yake fara cin kuɗin hannu kafin a ga ribar farko, kuma mizaninsa ya bambanta ƙwarai, kashi 5 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, 15 a Saudiyya, 20 a Birtaniya.

Wajen mu'amala ba ni da ƙorafi mai yawa. Suna amsa imel a kan lokaci, ba su taɓa nuna mana wata hanyar ɓoye riba ba, kuma da wani daraktanmu ya kawo shawarar bi ta wata ƙasa ta uku don cin moriyar yarjejeniyarta, sun faɗa masa kai tsaye cewa yarjejeniyoyin yanzu suna hana rangwame ga duk tsarin da babban dalilinsa samun rangwamen ne. Sai dai manyan jami'an da muka zauna da su ba su ne suka rubuta rahoton ba, kuma bambancin ya fito fili.

Zan iya sake ɗaukar su don tantance matsuguni da karanta yarjejeniya, amma ba zan bar musu batun albashi da VAT ba, wannan akanta mazaunin ƙasar da ake nufa ya fi dacewa da shi. Kuma da a ce yau ne za mu rubuta takardar aikin, da na sa sun ƙara babi kan fita, domin sai bayan mun buɗe reshen muka fahimci cewa mayar da shi kamfani mai rajistar kansa nan gaba zai iya jawo haraji kan ƙimar kadarorin da aka miƙa, kuma wasu ƙasashen sukan dawo da asarar da aka riga aka ci moriyarta cikin lissafin riba. Wannan tambaya mun aika musu ita a makon ƙarshe na wata ukun, amsar da ta zo kuma ita ce sai an buɗe sabon aiki.