Kwanbatar USB zuwa RS-485 mai keɓewa: yadda ta yi mini aiki a injin casar shinkafa

Duk mai haɗa mitocin wuta ko na'urorin VFD, masu sarrafa gudun moto, da kwamfuta ya san 'yar kwanbatar nan mai kama da filashi, mai haɗa bakin USB da layin saƙo na RS-485, mai baki biyu A da B, da ake sayarwa arha a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari. A kan tebur ba ta da laifi. Ranar da aka kai ta masana'anta ne halinta ke fitowa. Wadda zan yi magana a kanta yayarta ce, ɗan akwatin ƙarfe da aka rubuta wa keɓewa ta bolt 2,500, wato wutar ɓangaren kwamfuta ba ta haɗuwa da ta ɓangaren layi, kuɗinta kuma ya ninka na ƙaramar sau da yawa. Ta yi rani da damina a hannuna a wani injin casar shinkafa da ke wajen garin Kano, kuma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, duk da akwai inda take ba ni haushi.

Aikin shi ne karanta mitocin wuta da VFD ɗin manyan motoci daga ofis, a kan layi ɗaya da ya ratsa ɗakin injina ya ƙare a ɗakin janareta. Yaren da na'urorin ke ji shi ne Modbus RTU, zuriyar Modbus ɗin da kamfanin Modicon ya fitar a 1979, a gudun bit 9600 a sakan. Da ƙaramar kwanbata, karatu na tafiya lafiya har sai an kunna babban moto, daga nan amsoshi su riƙa zuwa a gurguje ko su ƙi zuwa. Idan aka ɗauke wuta aka koma janareta abin ya fi muni. Gwajin da ya nuna mini bakin zaren ba ya buƙatar ko sisi: na zare cajar kwamfutar na bar ta a kan batir, kurakuran suka ragu ƙwarai. Na mayar da caja, suka dawo.

Dalilin yana cikin ƙa'idar RS-485 kanta, wadda aka kafa tun 1983. Ana yawan cewa layin yana duba bambancin da ke tsakanin A da B ne kawai, milibolt 200 ya ishe shi ya gane sifili daga ɗaya. Haka ne, amma da sharaɗi: wayoyin biyu su tsaya tsakanin bolt 7 ƙasa da sifili da bolt 12 sama da shi, idan aka auna daga ƙasar mai karɓa, wato wayar ƙasa (GND) da yake ɗauka a matsayin sifili. To ƙasar ofis da ƙasar ɗakin janareta ba ɗaya ba ce. VFD na zubar da wuta mai saurin bugawa cikin wayar ƙasa, sandar ƙasan ma a lokacin rani tana cikin busasshen yashi. Da an haɗa caja, kwamfuta ta ɗauru da ƙasar ofis, layin ya zama hanyar da wannan bambanci ke bi. Idan ya yi kaɗan, saƙo ya lalace. Idan ya yi yawa, IC, wato ɗan cif ɗin da ke cikin kwanbatar, ya ƙone, wani lokaci har da bakin USB na kwamfutar.

Na buɗe akwatin sabuwar kafin in ɗaura ta, domin akwai masu rubuta keɓewa a jiki alhali ciki wayam. Wannan ta gaskiya ce. Ɓangaren USB yana da IC mai suna FT232R na kamfanin FTDI, ɓangaren layi kuma ADM2587E na kamfanin Analog Devices, wanda ke keɓe saƙo da wutar da ke ciyar da shi a cikin IC ɗaya, yana kaiwa kilobit 500 a sakan. A kan allon ana ganin fili fetal ba jan ƙarfe tsakanin ɓangarorin biyu, maltimita ma ta nuna ba abin da ya haɗa ƙasar USB da ƙasar layi. Tun da na sa ta, caja a jiki ko a cire, moto a kunne ko a kashe, karatun bai sake rikicewa irin na da ba.

Abu na biyu da ya burge ni ba a rubuta shi a kwali ba. A layin waya biyu, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda, don haka dole kwanbata ta san lokacin kama layi da lokacin sakinsa. Masu arha da yawa dabara suke yi da taransista ɗaya: su tura sifili da ƙarfi, su saki layin idan za a aika ɗaya, su bar rizistoci su ja shi. A gajeren layi ba a ganewa, a dogo kuwa gefen siginar yakan kwanta. Wannan tana amfani da ƙafar TXDEN ta FT232R, mai nuna lokacin da ake aika saƙo, ta riƙe layin har bit na ƙarshe ya fita sannan ta saka. A Modbus RTU, shirun haruffa uku da rabi ne ke nuna ƙarshen saƙo, wato kusan milisakan 4 a gudun 9600, saboda haka ba lokacin ɓatawa. Direban FTDI, manhajar da kwamfuta ke magana da kwanbatar ta cikinta, yana zuwa da jinkirin milisakan 16 kafin ya miƙa abin da ya tara. Na rage shi a saitin COM, wato saitin bakin kwanbatar a kwamfuta, zagayen karanta mitocin ya ƙara sauri.

Kada dai wani ya ɗauka za ta gyara mummunan wayarin. Wanda ya fara ja layin ya yi masa rassa daga akwati ɗaya zuwa kowace na'ura, sai da muka mayar da shi jere, daga wannan zuwa wancan. Rizista mai om 120 a farko da ƙarshe kawai. A kashe komai a auna A da B, idan an ga kusan om 60 an yi daidai, idan an ga 40 akwai na uku a ɓoye cikin wata na'ura. Wayar ta zama murɗaɗɗiya, da ta uku da ke haɗa bakin GND na kowa, rigar ƙarfenta kuma a ɗaure ta da ƙasa a gefe ɗaya.

Yanzu abin haushi. Makunnin rizistan ƙarshen layi yana cikin akwati, sai an kwance sukurori huɗu kafin a kai gare shi, ba kuma wata alama a waje da ke nuna a kunne yake ko a kashe. Bakin ɗaura waya ƙanana ne, wayoyi biyu ba sa shiga rami ɗaya cikin sauƙi, alhali layin jere haka yake buƙata. Takardar da ta zo da ita rabin shafi ce, ba ta faɗi ƙimar rizistocin da ke riƙe layin lokacin shiru ba, sai da na auna da kaina. A ɗinta kuma B ne a wajen wasu mitocin. Wannan ba laifinta ba ne ita kaɗai, kamfanoni sun daɗe suna saɓawa a kan haka, kuma juya wayoyin ba ya ƙona komai, amma da sun ƙara rubuta D0 da D1 kamar yadda ƙa'idar Modbus ta kira su, da sun hutar da mutane.

Sai batun tsawa, tunda damina a nan ba ta wasa. Bolt 2,500 ɗin gwaji ne na minti ɗaya, ba alkawarin tare aradu ba. A kan allon na ga ƙaramin diyod na kariya a bakin A da B, amma babu kwalbar gas ɗin da ke shanye babbar wuta. Sashen layinmu da ya fita fili zuwa ɗakin janareta na saka shi cikin bututun ƙarfe, na ƙara masa na'urar kare tsawa a inda ya shiga kowane gini. Mai injin yana shirin ja layi zuwa sikelin awon manyan motoci da ke bakin ƙofa, can kuwa na riga na gaya masa wayar gilashi za mu sa.