Kebab ɗin da Baba ya iya ci a Delhi

Sati uku muka yi a Delhi saboda aikin gwiwar Baba, kuma duk tsawon lokacin nan abincinsa bai wuce shinkafa da miyar wake da shayi ba, don haƙoransa na ciki sun zube tuntuni, nama kuwa rabonsa da shi ya kusa shekara biyu, ko tsire aka kawo gida sai dai ya ɗanɗana yajin ya tura wa jikoki. Ranar da likita ya sallame mu na ce wallahi yau sai mun ci abinci mai kyau, wani ɗan Kano da ke karatu a can ya kwatanta min wani gidan cin abinci a cikin wani babban otal wajen Chanakyapuri, unguwar da ofisoshin jakadanci suke, ya ce in kira in kama tebur tukuna.

Abu na farko da na tambaya shi ne yanka. A Indiya wannan tambaya ce da suka saba ji, don akwai halal akwai wanda suke kira jhatka, na sara ɗaya, wanda mu ba namu ba ne. Weita ya tabbatar min na kaza da na akuya duk halal ne. Naman saniya kuma kar ma ka nema a Delhi, haramun ne a dokarsu, kuma in ka ga an rubuta mutton a menu yawanci akuya suke nufi, ba rago ba.

Kicin ɗin a buɗe yake bayan gilashi, kana zaune kana kallon masu gashi suna zura dogayen ƙarafa cikin tandur, wato tanda ta ƙasa mai kama da randa, garwashi a ƙasanta, gurasar naan kuma a bangon cikinta ake manna ta kamar yadda ake gasa gurasa a Kano, Baba ma sai da ya nuna min da baki ya ce kalli, irin tamu ce.

Na yi wa weitan bayanin haƙoran Baba, bai tsaya dogon tunani ba ya ce galouti. Ya ba mu labarin da suke bayarwa cewa a Lucknow aka fara yin sa saboda wani Nawab, sarkinsu, da ya tsufa haƙora suka ƙare amma son nama bai bar shi ba. Niƙa naman ake yi lukwi, a sa ɗanyar gwanda ta narkar da shi, a haɗa da kayan ƙamshi, a soya a faffaɗan kasko da man shanu, ba ya shiga tandur don ba zai tsaya a jikin ƙarfe ba. Guda huɗu aka kawo, kowanne bai fi faɗin masa ba, a kan 'yar gurasa mai laushi. Baba ya gutsira kaɗan da yatsa biyu, ya sa a baki, ya yi shiru, ina kallon muƙamuƙinsa ko motsi bai yi ba. Sai ya ce “ɗan nan, wannan nama ne kuwa?” Na ce nama ne Baba. Ya cinye uku, na huɗun ya matsa sai na ci, ni kuma a lokacin idona ya riga ya ciko.

Da na ci na gane bambancinmu da su. Tsirenmu ƙarfinsa a waje yake, ƙuliƙuli da yaji da wuta, su kuma aikin a cikin naman yake, sa'o'i yana jiƙe cikin kindirmo da citta da tafarnuwa kafin ya ga wuta. Murgh malai, kazar da aka jiƙa da kirim, taushi sosai amma a bakina ta yi salam, da akwai yajin gida kusa da na barbaɗa. Burra kuwa, haƙarƙarin akuya mai ɗan ƙuna a gefe, shi ya fi kusa da balangu, shi na fi so.

Inda suka gaza shi ne jira, kusan minti arba'in kafin farantin farko, ga dattijo da sabon ɗinki a ƙafa, ba wanda ya zo ya ce mana komai. Kuɗi kuma da nauyi, ga harajin GST 18 cikin 100 na manyan otal, ga kuɗin hidima da suka ɗora, jimilla ta kai abin da muke ci a kwana biyar. Mai son ɗanɗanon kawai ya nufi gidan cin abinci na Karim's kusa da babban masallacin Jama Masjid, tun 1913 suke nan, sai dai lungunan tsohuwar Delhi ba na mai sandar dogarawa ba ne, shi ya sa ban yi da-na-sanin zuwa otal ɗin ba.

Kafin mu tashi Baba ya sa na tambayi weitan ko ɗanyar gwandar da ɓawonta ake niƙawa, ya ce e, da ɓawon, kaɗan ake sawa. Na rubuta a waya, Hajiya ta ce in mun dawo za ta gwada da naman Sallah.