Akwatin Dragons of Stormwreck Isle: daren da yara suka ƙi zare takobi

Wata uku ke nan da akwatin nan ya shigo gidanmu a Garwa, mun yi zama bakwai a kansa har muka kai ƙarshen labarin, sai yanzu na ga na isa in faɗi ra'ayina. Akwati ne na masu fara koyon wasan Dungeons & Dragons, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 2022. Wasan kansa ya girme ni, tun 1974 aka fara buga shi a Amurka. Na Faransanci na saya, tunda da shi yaranmu ke karatu. Wani abokina ya samo mini shi a Yawunde, ya sako shi a jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, daga can ya hawo mota. Da kuɗin aike da komai ya tasam ma sefa dubu ashirin da biyar, kuma ban ce kuɗi kaɗan ba ne ga malamin makaranta.

Ranar da muka buɗe shi, ɗan yayata ya leƙa ciki ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ina wasan yake?" Yana da gaskiya. Littattafai biyu ne marasa kauri, ɗaya na dokoki ɗaya na labari, sai takardu biyar na jaruman da za a zaɓa, sai 'yan lido shida, daga mai fuska huɗu har mai fuska ashirin. Babu allon wasa, babu 'yan mutum-mutumi. Da marafan kwalba muka yi jarumai, taswira kuma na zana ta a bayan tsohuwar kalanda. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. In abin mai wuya ne, sai a jefa mai fuska ashirin, a haɗa da lambar da ke kan takarda, a ga ko ya isa.

Inna ta ji ƙarar 'yan lidon a kan tire ta fito daga ɗaki. "Kai, ba dai caca kake koya wa jikokina ba?" Na ce, "Inna, ko dala ba a sawa. Ki zauna ki ji." Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna har muka tashi, sannan ta ce, "Ashe tatsuniya ce, sai dai ku kowa da bakinsa a ciki." Tun daga ranar da "Ga ta nan, ga ta nanku" nake buɗe kowane zama.

Abin da ya sa nake ganin akwatin ya ci kuɗinsa shi ne yadda ya ɗauki diragon, wato ƙatuwar halittar tatsuniya mai kama da ƙadangare mai fukafukai. Ni da na saya, Dodo nake tsammani. Mun san Dodo: ya haɗiye mutane, a yi masa wayo, a farke cikinsa kowa ya fito. Mun san macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, wadda ta hana mutane ruwa sai ranar Juma'a, Bayajidda ya zo ya sare kanta, magana ta ƙare. Ba wanda ya taɓa tambayar macijiyar nan me ke ranta. A wannan wasa kuwa diragon na magana, yana da tarihi, yana da nadama, yana rayuwa ɗaruruwan shekaru har ya ga kafuwar gari da rushewarsa. Ya fi kama da tsohon basarake fiye da naman daji. Ko mutuwarsa ba ta wucewa haka nan: inda ya faɗi, ƙarfinsa na tsuma cikin ƙasa ya ɓata wurin, kuma wannan shi ne ciwon tsibirin da labarin ke gudana a kai.

Wanda zai yi wasan a matsayin jarumi ya tsaya a nan, zan tona asiri.

A tsibirin akwai wata tsohuwa mai suna Runara, ita ke riƙe da gidan da baƙi ke sauka, tare da wasu ƙananan halittu masu kama da ƙadangaru masu tafiya da ƙafa biyu. Ita ce diragon, ta tagulla, ta rikiɗa. Daren da na bayyana haka a watan Afrilu ne, zafin Garwa ya kai inda ya kai, an ɗauke wuta, muna tsakar gida da fitilar waya jingine da buta. Na rage murya na ce inuwar tsohuwa ta fara tsawo a bango, sai ga fukafukai. Tsit, har autarmu ta saki kofin ruwan da ke hannunta. Ɗan yayata ya zabura ya ce, "Mu sare ta, ai diragon na kwana kan zinariya!" Yayarsa, wadda ke riƙe da barde mai rantsuwa, ta dafe ɗan lidon da tafin hannu ta ce, "Wadda muka ci abincinta? Wadda ta ba mu makwanci? Wallahi sai ka bi ta kaina." Sun fi rabin awa suna musu, ba a jefa ɗan lido ko sau ɗaya ba. Da suka yarda su saurare ta, sai ta ba su labarin wani diragon shuɗi da ta kashe tun da daɗewa, da yadda ta gaji da gabar da ke tsakanin danginta da nasa. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa samun yara sun yi muhawara kan haƙƙin mai masauki da zafi haka ba.

Akwai abin da ban so ba, kuma a kan diragon ɗin ne. Wasan ya raba su gida biyu. Masu launi biyar, ja mai wuta, shuɗi mai tsawa, kore mai dafi, baƙi mai ruwan da ke cin jiki, fari mai ƙanƙara, an ce miyagu ne. Masu jikin ƙarfe, irin su zinariya da azurfa da tagulla, an ce nagari ne. A garin da Bahaushe da Bafillace da Bafali da Babarbare ke cin kasuwa ɗaya, ba na son yaro ya saba da cewa kalar fata ke nuna hali. Sa'ar da aka yi, ita Runara sulhu take nema, sai na kama wannan zare na ja shi da ƙarfi. Haka nan littafin na kiran Bahamut da Tiamat mai kai biyar alloli. Ni na mai da su sarakunan farko na diragon, labarin bai rasa komai ba, ni kuma hankalina ya kwanta. Babin ruɓaɓɓen jirgin ruwa mai gawawwaki masu tafiya ya yi wa 'yar shekara takwas nauyi, sai da na sassauta shi. Faransancin ma ba na yara ba ne, dole mai jan labari ya karanta tun da rana ya juya shi zuwa Hausa a kansa, in ba haka ba zai yi ta in'ina a gaban jama'a.

Kuma gajere ne. Jarumai na tsayawa a mataki na 3 na ƙarfin da suke samu a wasan, diragon ɗin da ake gwabzawa da shi a ƙarshe, Sparkrender, jariri ne a ma'aunin danginsa. Amma jaririn nan ya ishi mutum. In ya feso tsawa daga bakinsa, sai mai jan labari ya riƙa jefa mai fuska shida a kowane zagaye, in 5 ko 6 ta fito ya sake samun numfashin. Feshin farko ya kwantar da mai sihirinmu. Da na ɗaga hannu zan sake jefawa, Inna da kanta ta ce, "Kai, yi a hankali da yaran nan." Biyu ta fito.

Ba su kashe shi ba. Da ya jigata, yarinyar nan mai riƙe da barde ta ce a ba shi hanya, ya tashi ya bar tsibirin. Littafin ya ƙare a nan, su kuwa sun ƙi yarda in ce ƙurunƙus. Sun ji cewa shuɗin diragon hamada yake so, don haka suka yanke cewa arewa ya nufa, kuma dole ya yada zango a kan duwatsun Tingilin ya sha ruwa a Binuwai. Na sayi sabon littafin rubutu mai shafi ɗari biyu jiya a babbar kasuwa, zama na takwas ranar Asabar ne bayan sallar isha'i.