Sharhi kan hidimar likitocin dabbobi a shirin ceto ungulun Kalifoniya

Duk mai son auna ingancin aikin likitan dabbobi wajen mayar da tsuntsu daji, zai sami abin dubawa a shirin farfaɗo da ungulun Kalifoniya na ƙasar Amurka. A shekarar 1987 aka kama na ƙarshe da ya rage a daji, lokacin da 27 kacal suka saura a duniya. An hayayyafa su a gidajen namun daji na San Diyego da Los Anjeles, aka fara sakin su a 1992, kuma yau adadinsu ya haura 500.

Inda hidimar ta fi burge ni shi ne yaƙi da gubar dalma. Ungulu na cin mushen dabbar da maharbi ya harbe, ta haɗiye ɓarɓashin harsashin dalma ba tare da ta sani ba. Saboda haka ana kamo tsuntsayen lokaci zuwa lokaci a ɗebi jininsu, wanda aka ga dalma ta yi masa yawa kuma a ɗauki hoton cikinsa, a yi masa allurar da ke fitar da gubar, wani lokaci har a yi masa tiyata. Haka nan da murar tsuntsaye ta kashe 21 daga garken da ke jihar Arizona a 2023, ba a yi gaggawar tsira musu allurar rigakafi ba, sai da aka gwada ta a kan baƙar ungulu wadda ba ta fuskantar ɓacewa. Wannan taka-tsantsan ya dace, domin tsuntsuwar ƙwai ɗaya take sakawa, galibi a shekara biyu.

Raunin hidimar a fili yake: magani ake yi, tushen cutar kuwa yana nan. Tsuntsun da aka wanke wa jini yakan koma ya ci wani mushen, a sake kamo shi, kuma yawan kamu wahala ce ga dabbar da ake so ta manta da mutum. Jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019, Arizona kuwa ta zaɓi lallashin maharba su koma na jan ƙarfe. A ganina likitocin sun cancanci yabo, amma muddin dalma ce kan gaba wajen kashe ungulayen da aka saki, garken bai kai ga tsayawa da ƙafarsa ba.