Ofishin lauyoyin kyauta da na je bayan an sallame ni daga aiki

Shekara shida ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Farkon zangon da ya wuce aka ce za a yi wa ma'aikata gwajin lafiya, aka kawo mai ɗibar jini har ofishin shugaba. Ba wanda ya ce mana har da HIV za a duba. Ni kuwa na san matsayina tun ina da cikin autana. Kullum da daddare ina shan maganina, kuma awon da na yi na ƙarshe ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta har na'ura ba ta iya ganinta. Bayan mako biyu aka miƙo mini takarda, wai ana rage ma'aikata. Ni kaɗai aka rage.

Wata baiwar Allah da muke haɗuwa wurin karɓar magani ita ta yi mini kwatancen wani ofishi da lauyoyi ke zama ranar Talata da Alhamis, suna sauraron irinmu ba tare da ko sisi ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don kada a riƙa sa ido a kan masu shiga. Wanda ke buƙata ya tambayi shugabannin ƙungiyar masu ɗauke da cutar a asibitin da yake karɓar magani, za su nuna masa.

Lauyar da na samu matashiya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Sai da ta tashi ta rufe ƙofa kafin ta ce, "Malama, ina jin ki." Na fi minti ashirin ina magana ina kuka, ba ta katse ni ba, ba ta kuma tambaye ni inda na samo cutar ba. Wannan tambayar ce na saba ji a ko'ina, har a bakin dangi, shi ya sa rashinta ya tsaya mini a rai.

Daga nan ta ciro dokar hana nuna bambanci ga masu HIV ta 2014, ta yi mini bayaninta da Hausa. Ashe haramun ne mai ɗaukar aiki ya sa gwajin HIV ya zama sharaɗin ba ka aiki ko barinka a kansa. Haramun ne a gwada ka ba da yardarka ba, haramun ne kuma a bayyana sakamakonka ga wani ba da izininka ba. Na ce, "Barista, dokar Abuja ai ba ta zuwa nan." Ta ce harkar ƙwadago a hannun tarayya take, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano. Shekara da shekaru da yin dokar nan, ina zuwa asibiti a kai a kai, amma ban taɓa jin wani ya ambace ta ba sai ranar.

Abin da ya sa na yarda da ita shi ne ba ta yi mini romon baka ba. Ta ba ni labarin Georgina Ahamefule, ma'aikaciyar jinya a Legas da aka kora a 1995 saboda an gano tana ɗauke da cutar. A farkon shari'arta har hana ta shiga zauren kotu aka yi, wai kada ta shafa wa mutane. Sai a 2012 kotu ta ba ta gaskiya, ta ce a biya ta naira miliyan 7. Barista ta ce, "Yanzu ba kamar da ba ne, amma kotu ba ta sauri, kuma a fili ake zamanta. Za mu iya roƙon a sakaya sunanki, sai dai alƙali ne zai yanke, ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba." Na yi shiru ina tunanin 'yata da aka kawo kuɗin gaisuwarta. In maganar ta fita unguwa, ba ni kaɗai za ta shafa ba, ko da yake ita lafiyarta ƙalau, an gwada ta. Na ce ba zan iya kotu ba. Ba ta ga laifina ba, ta ce to a fara da wasiƙa.

Wasiƙar shafi biyu ce, ta kawo sassan dokar, ta ba makarantar kwana goma sha huɗu. A kwana na tara suka kira. Aka zauna a ofishin lauyoyin, ba a makaranta ba, kuma Barista ce ta dage a kan hakan. Suka biya ni albashin wata huɗu da ragowar haƙƙina, suka ba ni takardar shaidar aiki mai kyau, suka sa hannu cewa ba za su faɗa wa kowa sakamakona ba. Aikin dai bai dawo ba, ni ma ban nema ba.

Akwai inda ofishin lauyoyin ya gaza, kuma ina so su gyara. Allon da ke bakin ƙofa ɗauke yake da jan ƙyallen nan, alamar HIV, da kowa ya san ma'anarsa, ga masu shago a jere suna kallon mai shiga da mai fita. Sau biyu ina wucewa kamar ba nan zan je ba kafin na iya kutsawa. Wurin jira kuma benci ne ɗaya a baranda, yaron da ke rajista yana ɗaga murya yana kiran cikakken suna. Na ga wani dattijo ya tashi ya tafi tun kafin layi ya zo kansa, kuma na san dalili. Lauyoyi biyu ne kacal, ranar farko daga ƙarfe tara na zauna har aka kira azahar. Lambar wayarsu ma sai an yi ta bugawa. Na faɗa wa Barista maganar kiran suna, da na koma na tarar sun fara raba lamba, amma allon yana nan.

In za ki je, ki tafi da takardar ɗaukarki aiki, da ta sallama, da shaidar biyan albashi, kuma kada ki goge saƙonnin da aka turo miki ta waya. Sanarwar gwajin da shugabar ta tura a WhatsApp ɗin ma'aikata ita ta fi komai amfani a maganata. Ba korar aiki kaɗai suke karɓa ba. Ranar da na je karɓar takarduna na haɗu da wata da mai gida ya ba ta notis bayan ya ga katin asibitinta, na riƙe mata jaririnta har ta shiga ta fito.