Hattara da mai sayar da kifin mbuna mai launin aro

'Yan'uwa masu kiwon kifin ado, ku yi hattara. Akwai wani da ke tallar kifin mbuna a intanet, yana cewa kai tsaye daga Tafkin Malawi aka kamo su. Na faɗa hannunsa, ba na so wani ya sake faɗawa.

Goma na saya, irin da ake kira saulosi, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma duk shuɗi shar da baƙin zane. A nan ya kamata in farga. Saulosi rawaya ake haifarsa, mace ta zauna a rawayarta, namiji ne kaɗai ke rikiɗewa shuɗi in ya fara balaga. To ina aka taɓa ganin jarirai goma duk sun balaga rana ɗaya? Sinadarin hormon, mai sa jiki ya nuna alamun balaga, ake cuɗa musu a abinci don launi ya fito da wuri. Kafin wata guda launin ya koɗe, suka koma toka-toka. Huɗu suka mutu. Wallahi na ji zafinsa, ina kallon ɗaya ya maƙale a bayan dutse, ciki a kumbure, ya ƙi ko kallon abinci.

Ƙaryarsa ba ta tsaya nan ba. Cewa ya yi ƙaramin kwanon gilashi ya ishe su, a haɗa su da kowane kifi. Mbuna kifin duwatsu ne, a can tafkin gansakukar jikin dutse yake kankara ya ci, kuma namiji ba ya yarda wani ya raɓi kogonsa. Suna bukatar tankin da ya kai lita 200, duwatsu jibge masu ramuka, ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, da pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) wajen 8. Namiji ɗaya, mata uku ko huɗu, don kada ya takura wa ɗaya, musamman lokacin da ta guntse ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, abin da ke ɗaukar kusan mako uku. Abincin da mai sayarwar ya haɗo ni da shi kuwa mai nama ne zalla, irin da ke kumbura musu ciki.

Da na yi masa magana sai ya toshe lambata.

Kafin ku tura kuɗi, ku nemi cikakken sunan irin, ku ce a nuna muku iyayen a bidiyo, ba hoto ba. In ya fara kame-kame, ku bar shi da kayansa.